Gidan namu ne amma ƙasar ba tamu ba, maigida ya ce mu miƙa makulli mu tafi

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Maraɗi ce, ina zaune da maigidana da 'ya'yanmu uku a bayan garin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Shekara biyar da suka wuce muka gaji da biyan hayar dala 1,150 duk wata. Muka haɗa kuɗin adashina da abin da ya tara a tuƙin babbar mota, muka sayi gidan tirela na hannu, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta a jawo shi da mota, ƙirar 1998, dala 18,000 lakadan, don ba ma son bashi mai ruwa. Gidan namu ne, amma filin da yake zaune a kai haya muke biya. Da muka tare dala 325 ne a wata har da ruwa. Shekara biyu ke nan da wani kamfani daga wata jiha ya saye unguwar gaba ɗaya. Yanzu fili 560 ne, ruwa daban, shara daban, kuma ba a mako biyu ba mu tarar da takardar tara a ƙofa ba: keken yara a waje, ciyawa ta yi tsawo, na yi shanya.

Maigida ya ce ya gaji, mu miƙa musu makulli mu koma haya cikin gari. Na san ba kuɗin kaɗai ke damunsa ba. A gida an san "ya sayi gida a Amurka", hotunan ciki kawai yake turawa, ba wanda ya san tirela ce. Ga shi Hajiyarsa ta samu biza, za ta zo nan da wata uku. Babbar 'yarmu mai shekara 13 ta daina kawo ƙawaye tun da wani yaro ya kira ta "sharar tirela" a motar makaranta. Ni kuwa ina son wurin. Ina da ɗan lambuna na yakuwa da kuɓewa, yara na wasa a waje, ba mai buga mana bango. Anti, mu tafi ne ko mu zauna?

Maman yara, Karolina ta Arewa

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki ladan haƙuri, ya raya zuri'a.

Kafin komai, kada ku miƙa makullin nan. Ko da daga baya kun yanke shawarar tashi, ba ta haka ake tashi ba. Gidan da aka watsar a irin wannan unguwa yana ƙarewa ne a hannun mai fili. Zai bi hanyar shari'a ya mallake shi, ya shafa masa fenti, ya sa wani ciki haya ko ya sayar. Kafin ya kammala hakan kuma kuɗin fili da harajin gidan suna taruwa da sunanku. Wato adashinki na shekaru da dararen da Malam ya kwana a kan titi za ku ɗauka ku ba wanda kuke kuka da shi kyauta, ku ƙara masa da bashi a kanku. Ki faɗa wa maigidanki wannan da daddaɗar murya, amma ki faɗa yau.

Ni ma na yi shekara bakwai a irin gidan nan, a wannan jihar taku, don haka ba daga nesa nake hango miki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in fara da abin da ya sa kuɗin ke hawa, domin idan kin gane shi za ki daina zargin kanku. Turawa suna kiran waɗannan gidaje "masu tafiya", amma kin ga naki: tun ranar da aka kawo shi aka ɗora shi kan bulo, aka ɗaure shi da ƙarafa a ƙasa, aka jona masa ruwa da wuta da bututun bahaya. Ɗaga shi aikin dubban daloli ne. Sai an biya duk harajin da ake bin gidan an karɓi takardar izini daga ofishin haraji na gunduma, a ɗauko masu jan kaya, a sake kafa shi, a sake jone-jone. Sannan ina za a kai shi? Unguwanni da yawa ba sa karɓar gidan da ya tsufa, kuma birane ba su cika ba da izinin buɗe sababbi ba. Gida ƙirar 1998 ma yana iya tsagewa a hanya. Saboda haka yawancin waɗannan gidaje inda aka fara ajiye su, nan suke tsufa.

Masu kuɗi sun daɗe da gane wannan. Fiye da mutum miliyan 20 ne ke zaune a irin gidajen nan a Amurka, kuma akwai unguwanninsu sama da 40,000. A da, galibi tsofaffin iyalai ne ke da filayen, mai fili ya san sunan ɗanki, ya kan yi miki uzuri idan wata ya yi nisa. A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin zuba jari suna ta saye su ɗaya bayan ɗaya, saboda lissafin mai sauƙi ne: rufi ba nasu ba, hita ba tasu ba, in daɓen ɗaki ya ruɓe mai gida zai gyara, su kuwa karɓa kawai, kuma wanda ake karɓa a hannunsa ba shi da halin ɗaukar gidansa ya yi gaba. Ba wauta kuka yi ba da kuka saya. Miliyoyin Amurkawa haifaffun ƙasar suna cikin ramin da kuke ciki, tsofaffin sojoji da 'yan fansho da ma'aikatan masana'antu.

Yanzu doka, kuma ba zan yi miki romon baka ba. Jiharku ba ta cikin masu tausaya wa mai hayar fili. A New York, tun 2019 an ɗaure ƙarin kuɗin fili a kashi 3 cikin 100 a shekara, sai da hujja ake haurawa. A Karolina ta Arewa babu iyaka, har ma doka ta hana birane sa wa haya iyaka da kansu. Idan wa'adin yarjejeniyarku ya cika, kamfanin yana iya ƙari, yana kuma iya ƙin sabuntawa. Amma ba wai ba ku da komai ba. Dole ya ba ku sanarwar kwana 60 kafin ya kawo ƙarshen hayar fili, idan kuma rufe unguwar zai yi ya mai da ita wani abu, kwana 180. Tarar jinkirin biya ba ta hawa sai haya ta makara kwana biyar, kuma ba ta wuce dala 15 ko kashi 5 cikin 100 na hayar wata, duk wanda ya fi yawa. A kan 560, dala 28 ke nan. Ki duba rasiɗanki ki gani ko an taɓa haura miki haka. Manaja ba shi da ikon sauya miki kwaɗo ko yanke miki ruwa don ya kore ki, sai ya kai ƙara kotu alƙali ya yanke. In har takardar kotu ta zo, ku je, ko da dare Malam ya dawo daga tafiya. Mutanenmu da yawa suna faɗuwa ne don tsoro ya hana su zuwa. In hukuncin bai yi muku daɗi ba kuna da kwana 10 na ɗaukaka ƙara. Wanda ya bari har aka fitar da shi bisa umarnin kotu, ya bar gidan kwana 21 a filin, mai fili ya samu hurumin riƙe gidan a kan bashinsa. A nan ake yin asarar da ba ta da gyara.

Shi ya sa duk haushin da kike ji, kada ki taɓa riƙe kuɗin fili don nuna fushi. Ki biya a kan lokaci, ta hanyar da ke barin shaida, ki ajiye kowane rasit. Wanda yake biya yana da bakin magana.

Akwai takarda ɗaya da nake so ki tashi ki nemo da zarar kin gama karanta wannan: takardar mallakar gidan. A jiharku gidan tirela kamar mota yake, ofishin rajistar motoci, DMV, ne ke ba da takardarsa. Na ga mutanenmu sun ƙirga wa mai gida kuɗi a hannu, an rubuta 'yar takardar ciniki, an yi musabaha, aka tare, ba a taɓa zuwa an sauya suna ba. Shekara biyar, shida, sai ranar sayarwa a tarar gidan har yanzu da sunan mutumin da ya koma wata jiha ko ya rasu. Ki duba sunan wa ke kai, ki duba ko akwai bankin da ke bin gidan bashi. In ba sunanku ba ne, wannan ya fi ƙarin haya gaggawa. Ki zagaya bayan gidan kuma ki nemo wani ɗan jan ƙarfe da aka manna a jiki. Shi ne shaidar cewa an ƙera shi bisa ƙa'idar hukumar gidaje ta tarayya, HUD, ƙa'idar da ta fara aiki ranar 15 ga Yuni 1976. Naku na bayan wannan ne da shekara 22, don haka yana da daraja wajen inshora da wajen mai saye. Ki ɗauki hotonsa.

Sai ki haɗa yarjejeniyar haya da dokokin unguwar da duk takardun tarar nan a jaka ɗaya, ki kira Legal Aid of North Carolina. Lauyoyi ne da ke taimaka wa masu ƙaramin ƙarfi kyauta. A cikin gari kuma akwai Greensboro Housing Coalition, masu ba da shawara kan matsalar muhalli. Tambaya biyu za ki yi musu. Ta farko, tarar keke da shanya tana cikin abin da kuka sa wa hannu, ko daga baya aka ƙirƙiro ta? Ta biyu, kuɗin ruwan. Mai filin da ke sayo ruwa daga birni yana sake cajin mazauna ta mita yana ƙarƙashin idon hukumar jiha mai kula da farashin ruwa da wuta, North Carolina Utilities Commission, ba yadda ya ga dama yake sa farashi ba. A tambaya a ji ko kamfanin naku yana da izinin. In kin lura kuma takardun tara ƙofarki kawai suke sani, maƙwabta na yin abin da kike yi ba a taɓa su, ki rubuta rana da abin da ya faru. Dokar tarayya ta 1968 ta haramta bambanci a harkar gidaje saboda addini ko launi ko ƙasar asali, daga baya aka ƙara da masu yara.

Amma ƙanwata, lauya ba zai hana haya hawa ba. Abin da na gani yana sa irin waɗannan kamfanoni su sassauta shi ne mutane su daina zuwa ofis ɗaya-ɗaya.

Shekarata ta farko a tirela ban san sunan kowa ba. Daga mota sai ɗaki, in ja labule. Ina jin kaina baƙuwa mai wucewa, kuma in gaya miki gaskiya, ina ganin na fi ƙarfin wurin. Wata ranar Janairu na tashi asuba zan yi alwala, na murɗa famfo, shiru. Bututun ƙarƙashin gidan ya daskare. Maigidana yana wurin aiki, ga jaririya. Na fito da fitilar waya ina leƙen ƙarƙashin gida ban ma san me nake nema ba. Sai ga tsohuwar da ke kusa da mu, Baturiya, mijinta ya rasu, ta yi shekaru tana aiki a masaƙa, ta fito da rigar barci da takalmin roba, riƙe da na'urar busar da gashi da doguwar waya. Ta zare langalangar da ke rufe gindin gidan, ta durƙusa a kan ƙasa mai ƙanƙara, ta nuna min inda bututun ya fito daga ƙasa, muka yi ta hura masa zafi har muka ji ruwa ya yi tari ya zubo a kicin. Da rana ta kawo min wayar ɗumama bututu ta naɗa min da hannunta, ta ce duk daren da sanyi ya yi tsanani in bar famfo yana ɗiga, in buɗe ƙofar kabad ɗin ƙarƙashinsa. Da yamma na aika mata da dambu. Daga ranar na san me hadisin nan yake nufi, da Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton za a ba shi gado. Bai ce maƙwabci Musulmi ba, bai ce wanda ke jin yarenka ba.

Bayan shekara uku, da takardun ruwa suka haukace mana, a falona muka yi taron farko. Mu goma sha huɗu, wasu a kujera wasu a kan dardumar salla da na naɗe gefe, ana shan shayi da fanke. Da Turawa, da baƙaƙen Amurka, da 'yan Meziko, yara na fassara tsakanin Ingilishi da Sifaniyanci. Kowa ya zo da takardarsa muka jera a tebur. Sai ga shi tsohuwar nan mai zaman kanta ita kaɗai an caje ta fiye da gidan mutum shida. Abin da kowa yake ɗauka laifinsa ne a ɓoye, ya fito fili cewa karatun mita ne ba daidai ba. Muka rubuta wasiƙa ɗaya, gidaje arba'in suka sa hannu, lauya ya duba mana ita. An gyara lissafin, an mai da wa wasu kuɗi. Hayar fili ba ta sauka ba, kada in yi miki ƙarya, amma daga lokacin manaja ya daina manna takarda a ƙofa ya gudu, sai ya ƙwanƙwasa.

Ki sani dokar jiharku ta ba mai haya kariya idan an nemi korarsa a matsayin ramuwa don ya kai koke da gaskiya ko ya shiga ƙungiyar masu haya, matuƙar abin ya faru cikin wata 12. Kariya ce da ake gabatarwa a gaban alƙali, ba laya ba ce, shi ya sa na ce a fara da lauya kuma kada a ci bashin haya. In kun taru, kada a tambayi kowa takardun zamansa. Wanda ya ji tsoron sa hannu a bar shi ya zo ya saurara.

Akwai inda irin wannan haɗin kai ya kai mutane ga mallakar ƙasar kanta. A 1984 iyalai 13 a garin Meredith na jihar New Hampshire suka haɗu suka saye unguwarsu da taimakon wani asusun bashi na al'umma. Daga nan abin ya yaɗu, a 2008 aka kafa ƙungiyar ROC USA, wadda ta taimaka wa unguwanni sama da 300 suka koma hannun mazaunansu. Su ke zaɓen shugabanninsu, su ke yanke kuɗin fili. Wasu jihohi kamar Kolarado sun yi dokar da ta wajabta a sanar da mazauna a ba su dama kafin a sayar. Taku ba ta yi ba, sai mai fili ya so. Kuma sayen da bashi ake yinsa, wanda ke da kika guji bashi mai ruwa za ki so ki ji ta bakin malamin da ya san zaman ƙasar. Na faɗa miki ne don irin waɗannan kamfanoni suna saye su sayar, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Unguwar da ke da ƙungiya da sunaye da lambobin waya ita ce ke iya motsi idan ranar ta zo.

To, a tafi ko a zauna? Ku zauna, amma da alƙalami a hannu. Ki samu lokacin da Malam ya huta, yara sun yi barci, ku rubuta: fili, ruwa, shara, wuta, harajin gida, inshora, da wani abu da za a riƙa warewa duk wata don gyara, domin rufi da hita na gidan da ya haura shekara 25 za su nemi kuɗi. Ku tara. Sannan ya buɗe waya ya duba nawa ake ba da gida mai ɗaki uku a Greensboro yau. Shekara biyar da suka wuce kuna biyan 1,150, kuma kin san bai tsaya nan ba. Ina da yaƙinin za ku tarar har yanzu akwai ɗaruruwan daloli tsakani duk wata. Wannan bambancin shi ne ribar tirelar, kuma kuskuren da mu kan yi shi ne mu bar shi ya narke a cefane da aike. Ku buɗe masa asusu daban. A kan wannan takardar ku ja layi: in kuɗin fili ya kai kaza, za mu sa gidan a kasuwa. A sayar da shi inda yake, yana da kyau, takardunsa cikakku, babu bashin fili. Ku karanta abin da yarjejeniya ta ce kan amincewa da sabon mai saye, kuma in ofis ya yi muku tayi kada ku karɓi na farko. Mai tafiya da shiri daban, mai gudu daban, shi mai gudu ya kan tsere wa gara ya faɗa gidan zago.

Na bar maganar Malam zuwa nan don ita ce mai nauyi. Kin riga kin gane ba 560 ke hana shi barci ba, zuwan Hajiya ne. Namiji ya bar gida shekaru, an yi masa addu'a, ana nuna hotonsa, yana jin a masallaci wane ya sayi gida mai bene a unguwa kaza. Ranar da ya ce "na sayi gida" bai yi ƙarya ba, ya dai rage magana, ragin kuma ya yi ta girma har ya zama abin da yake gadi. Kada ki yi masa gori, kada ki ce "ai na faɗa maka", kada a yi a gaban yara. Ki tuna masa abin da ya manta: ya sa iyalinsa a ƙarƙashin rufin da babu kobon riba a kansa, a ƙasar da kusan kowa bashi yake kwana a ciki. Da yawa cikin masu benen da yake kallo shekara 30 za su yi suna biyan banki.

Ki nuna masa kuma cewa ɓoyon nan yana cin kuɗi. Duk wanda aka ɗauka mai gida ne a Amurka, da wannan ma'aunin ake auna masa buƙata, ta biki da ta suna da ta jari. Yana aikawa daidai da sunan da ya yi, ba daidai da aljihunsa ba. Yanzu kuma yana shirin jefar da dala 18,000 ya ɗauki haya mai tsada don baƙuncin 'yan watanni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin ta hau jirgi ya kira ta ta bidiyo, ya fita waje da wayar, ya zagaya da ita: Hajiya ga gidan, irin wanda ake ƙerawa a masana'anta ne a kawo, namu ne, filin ne muke haya, ga lambun 'yarki, ga jikokinki a kan keke. Ya faɗa da bakinsa, yana tsaye a ƙofar gidansa.

Ni na ga iyayenmu mata da aka kawo aka ajiye a hawa na uku, taga ba ta buɗuwa, ba ƙasa ba rana, su wuni suna kallon bango, wata biyu su fara roƙon a mai da su gida. Hajiyar da ta fito daga Maraɗi, abin da ranta zai so shi ne ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta taka ƙasa, ta tsinki yakuwa da hannunta ta ce miki ba haka ake shuka ta ba. Gidanki yana da wannan. Mai yiwuwa ta yi mamaki kwana ɗaya ko biyu, wata ƙila wani a dangi ya yi tsegumi. Tsegumin zai wuce.

'Yarki kuwa, kada ki ce mata "rabu da shi" ki wuce. A shekara 13 kalma tana shiga kamar ƙaya. Zagin nan tsoho ne a Amurka, da shi ake wulaƙanta talaka, har Turawan da kakanninsu suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar. Ki zaunar da ita ki gaya mata nawa aka sayi gidan, da wane gumi, da dalilin da ya sa kuka ƙi bashi. Yarinya mai wannan shekaru tana iya ɗaukar gaskiya. Ki je makaranta da kanki ki ga mai ba ɗalibai shawara, domin abin da ya faru a motar makaranta hurumin makaranta ne. Sannan ki ce ta gayyato ƙawa ɗaya, wadda ta fi yarda da ita, ki yi musu abinci mai kyau, ki bar su su sake. Amma ki sani yara suna karanta fuskar iyaye fiye da maganarsu. Muddin tana ganin babanta yana kauce wa taga idan zai ɗauki hoto, ta koyi cewa gidan abin ɓoyewa ne. Ki sa ta tsaya kusa da shi ranar kiran bidiyon.

Abu ɗaya nake jin tsoro a tirela fiye da manaja: iska da wuta. Kin ji labarin mahaukaciyar guguwar da ta ratsa gabashin Greensboro ranar 15 ga Afrilu 2018. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ba ta ɓoye ba, idan aka yi gargaɗin irin wannan guguwa ba a zama cikin tirela, ko an ɗaure ta. Ku zaɓi ginin bulo mafi kusa da za ku iya shiga ko da dare, ku gwada tafiyar ku ga minti nawa ce, ku tafi tun ana cewa a yi hattara, kada ku jira sai iska ta iso. Malam yana kan hanya galibi, ke ce direba, ga tsohuwa da ba ta jin Turanci za ta ƙaru, don haka ki koya mata ƙarar gargaɗin waya tun makon farko. A sa wanda ya sani ya leƙa ƙarƙashi ya duba ƙarafan ɗaurin ko sun yi tsatsa. Ki gwada na'urar jin hayaƙi, ki sa ta jin iskar gas mai kisa, ki tabbatar ƙofar baya tana buɗuwa ba a jibge ta da akwatuna ba. Kaskon turaren wuta da gawayi, ƙanwata, a waje. Na san Hajiya za ta zo da turarenta, ki tanadar mata na lantarki tun yanzu. In kuɗin ɗumama gida ya yi muku nauyi da hunturu, ki buga 211 ki tambayi tallafin makamashi da shirin toshe kafofin sanyi na masu ƙaramin ƙarfi, suna yi wa tirela ma.

A wannan makon ki nemo takardar mallakar, ki kira lauyoyin, sannan ki tsinko kuɓewa cikin kwano ki ƙwanƙwasa ƙofar da ke damanki da wadda ke hagunki, ki tambaye su nawa aka caje su ruwa a watan jiya. In kun gama lissafin ke da Malam, ki turo min alƙaluman mu duba inda ya kamata a ja layin. Ki gaishe min da 'yata, ki ce Anti ta ce ta rubuto min da kanta in tana so. Allah ya kawo Hajiya lafiya.